Yadda aka miƙa wa Musolini da Hitila mulki, da waɗanda suka ce ba su yarda ba

Mutane da yawa idan aka ambaci Hitila ko Musolini abin da ke zuwa musu a rai shi ne sojoji sun shigo gari da asuba da tankokin yaƙi sun kama gidan rediyo, irin juyin mulkin da muka saba ji. To su biyun nan takardar naɗi aka miƙa musu a hannu, ɗaya sarki ne ya miƙa masa ɗaya kuma shugaban ƙasa, kuma a ranar da aka naɗa su babu ɗaya cikinsu da ke da rinjaye a majalisa. Ni a ganina nan ne ainihin labarin fasisanci yake, wato su wa suka buɗe ƙofar, kuma me ya hana waɗanda suka gane haɗarin tun farko su haɗa kai su rufe ta.

A Italiya abin ya faro. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, Italiya tana ɓangaren waɗanda suka yi nasara amma ta rasa sojoji kusan 600,000, kuma da aka zo rabon ƙasashe ba ta samu duk abin da take hange ba, sai mutane suka riƙa cewa Ingila da Faransa sun ci da guminsu. Sojoji sun dawo gida babu aikin yi, kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabi, 1919 da 1920 kusan kullum yajin aiki ake, har ta kai a watan Satumban 1920 ma'aikata suka mamaye masana'antu a Milan da Turin suka kafa jajayen tutoci a kai. Ka tuna fa juyin juya halin Rasha na 1917 bai daɗe ba, don haka duk mai gona babba da mai masana'anta da ɗan kasuwa barcinsa da ido ɗaya yake yi.

Shi Musolini asalinsa ɗan gurguzu ne, har editan jaridar jam'iyyar ya yi, suka kore shi a 1914 saboda ya goyi bayan a shiga yaƙi. Ranar 23 ga Maris 1919 ya tara tsofaffin sojoji da 'yan zafin kai a Milan ya kafa ƙungiyarsa, da aka yi zaɓe a Nuwamban shekarar ko ƙuri'a 5,000 bai samu ba a Milan ɗin, ko kujera ɗaya babu. Mutumin da aka ɗauka ya gama yawo kenan. Abin da ya tashe shi daga baya ba farin jini ba ne, 'yan banga ne masu baƙaƙen riguna da manyan masu gonaki na kwarin kogin Po suka ɗauki nauyinsu, su ba su kuɗi su ba su manyan motoci. Da dare sai mota ta tsaya a ƙauye, su cinna wa ofishin ƙungiyar manoma wuta, su jawo shugaban daga gidansa su yi masa dukan kawo wuƙa a gaban iyalinsa, sannan su danne shi su ɗura masa man zurman, mai sa mutum ya yi ta zawo, don kawai gobe ya kasa ɗaga kai a gari. 'Yan sanda suna gani su kau da kai, wani wurin ma daga barikin soja makaman ke fitowa. A 1921 firaminista Giolitti, tsohon hannu a siyasa, ya saka 'yan fasist cikin jerin 'yan takarar ƙawancensa yana tunanin in sun shiga majalisa za su yi laushi, suka samu kujeru 35 cikin 535.

Akwai waɗanda tun a lokacin suka ce ƙarfi sai ƙarfi. Tsofaffin sojoji talakawa suka kafa ƙungiyar Arditi del Popolo don kare unguwanninsu, kuma abin da suka yi a garin Parma a watan Agustan 1922 ya cancanci a tsaya a kansa. Italo Balbo, ɗaya daga cikin manyan 'yan fasist, ya zo da dubban 'yan banga zai murƙushe unguwar talakawa ta Oltretorrente da ke tsallaken kogi. Mutanen unguwa ƙarƙashin wani Guido Picelli suka haƙa ramuka a tituna, suka tare hanyoyi da duwatsu da katako da duk abin da hannu ya kai, mata da yara suna kai abinci da saƙo, 'yan gurguzu da 'yan kwaminis da ma wasu 'yan jam'iyyar Katolika duk a layi ɗaya. Kwanaki ana gwabzawa, ƙarshe Balbo ya tattara mutanensa ya bar garin. Abin takaicin shi ne shugabannin jam'iyyu ba su so wannan ƙungiya ba, 'yan gurguzu sun riga sun sa hannu a wata yarjejeniyar zaman lafiya da Musolini a 1921 suka nesanta kansu da ita, su kuma shugabannin kwaminis suka hana 'ya'yansu shiga saboda ba su ke jagorantar ta ba. Irin nasarar Parma ba ta yi yawa ba.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka yi abin da ake kira tattakin birnin Rum. 'Yan baƙar riga suka taru a wajen birnin cikin ruwan sama, da yawansu ko bindigar kirki babu, sojojin da ke gadin Rum za su iya tarwatsa su. Firaminista Luigi Facta ya kai wa Sarki Victor Emmanuel na Uku takardar dokar ta-ɓaci ranar 28 ga Oktoba 1922, sarki ya ƙi sa hannu. Shi kuwa Musolini jagoran tattakin yana can Milan yana jiran waya, sai da aka tabbatar masa an ba shi firaminista sannan ya hau jirgin ƙasa na dare, a taragon kwana, ya iso ranar 30 ga wata. Bayan an naɗa shi ne aka bar 'yan bangar suka shigo suka yi fareti don a samu hoton da za a nuna wa duniya cewa wai ƙwata aka yi.

Ko bayan nan ma an sake samun dama. Ranar 30 ga Mayu 1924 ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya miƙe ya lissafa maguɗi da duka da aka yi a zaɓen shekarar, ana ta yi masa ihu bai zauna ba. Ranar 10 ga Yuni aka sace shi a titi a Rum da rana tsaka, sai a watan Agusta aka tsinci gawarsa a wajen gari. Ƙasar ta girgiza, gwamnati ta yi tangal-tangal na watanni, amma me 'yan adawa suka yi? Ficewa suka yi daga majalisa suka zauna jiran sarki ya sauke Musolini, sarkin da shi ya naɗa shi! Ranar 3 ga Janairu 1925 Musolini ya tsaya a majalisa ya ce shi ya ɗauki alhakin komai, wanda ya isa ya tuhume shi, shi ke nan. Zuwa ƙarshen 1926 an haramta sauran jam'iyyu, an kama Antonio Gramsci na jam'iyyar kwaminis wanda ciwo ya cinye shi a tsare har ya rasu a 1937. Da aka ce malaman jami'a su yi rantsuwar biyayya ga gwamnatin a 1931, cikin sama da 1,200 waɗanda suka ƙi ba su wuce goma sha wani abu ba.

Aƙidar kanta ba ta da wani zurfi in ka duba, ƙasa ce gaba da komai, shugaba ɗaya ne ya san abin da ƙasa ke so, tashin hankali abin alfahari ne, kuma duk wata matsala akwai maƙiyi na cikin gida da ya jawo ta. Jamus ta ƙara mata wariyar jinsi ta mayar da Yahudawa su ne maƙiyin.

Hitila ya gwada juyin mulki na gaske a Munich a Nuwamban 1923, ya sha ƙasa, aka yanke masa shekara biyar amma ko wata tara bai cika a gidan yari bayan hukuncin ba, alƙalan suna tausaya masa. Daga nan ya koma neman ƙuri'a, a 1928 kashi 2.6 kawai 'yan Nazi, wato jam'iyyarsa, suka samu. Sai tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929, marasa aikin yi a Jamus suka kai miliyan 6, a 1930 suka haura kashi 18, a Yulin 1932 kashi 37. To ga wurin da ba a cika faɗa ba, a zaɓen Nuwamban 1932 ƙuri'unsu sun ragu zuwa kashi 33, jam'iyyar tana fama da bashi, tauraronsu ya fara dusashewa. A wannan zaɓen 'yan Nazi kujeru 196 gare su, jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzu 121, ta kwaminis 100, in ka haɗa biyun nan 221 kenan, sun fi su. Amma ba sa ga maciji da juna. 'Yan kwaminis suna bin umarnin Mosko cewa SPD ma fasist ce a ɓoye har ma ta fi haɗari, ita kuma SPD ba ta da bakin magana sosai tunda gwamnatinta ce ta yi amfani da 'yan banga wajen murƙushe 'yan kwaminis a 1919, lokacin da aka kashe jagorarsu Rosa Luxemburg, kuma 'yan sandan Berlin da ke ƙarƙashin ɗan SPD ne suka harbe masu zanga-zanga a Mayun 1929. Kowa da gawar da yake tunawa.

Waɗanda suka ƙulla zancen su ne tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen da manyan masu ra'ayin riƙau da ke kewaye da dattijon shugaban ƙasa Hindenburg. Lissafinsu shi ne a ba Hitila kujerar shugaban gwamnati, a kewaye shi da ministocinsu, shi ya kawo jama'a su kuma su riƙe akala. Papen ya ɗauki kansa gardi mai wasa da kura, ya manta bai sa mata takunkumi ba. Ranar 30 ga Janairu 1933 aka rantsar da gwamnati, 'yan Nazi uku ne kacal a ciki har da shi Hitilan, amma sauran biyun, Frick da Göring, su aka ba harkokin cikin gida da 'yan sandan Prussia, jiha mafi girma a Jamus, wato bindiga da kurkuku. Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisa ya kama da wuta, washegari aka dakatar da 'yancin jama'a, aka fara kwashe 'yan kwaminis, kuma duk da wannan ta'asa a zaɓen Maris kashi 43.9 suka samu, ba su kai rabi ba. Ranar 23 ga Maris aka kawo dokar da za ta ba Hitila ikon yin doka ba tare da majalisa ba, 'yan bangar Nazi da ake kira SA sun cika zauren suna zare ido, 'yan majalisar kwaminis 81 duk suna tsare ko a ɓoye. Ƙuri'a 444 suka amince, har da jam'iyyar Katolika, 94 suka ƙi, kuma 94 ɗin nan duk 'yan SPD ne, shugabansu Otto Wels ya miƙe ya yi magana a gaban Hitila yana sane da abin da zai biyo baya. A watan nan aka buɗe sansanin Dachau, kuma waɗanda aka fara zubawa ciki su ne 'yan kwaminis da 'yan SPD ɗin da suka ƙi gaisawa a waje.

Sai da aka ga abin da ya samu Jamus, aka ga sojojin Austriya sun yi luguden igwa kan gidajen ma'aikata a Vienna a Fabrairun 1934, sannan Mosko ta sauya layi a 1935 ta ce a haɗa kai da kowa. Ihu bayan hari ne ga Jamusawa amma ya yi amfani a wasu wuraren, a Faransa ƙawancen ya ci zaɓe a 1936 Léon Blum ya zama firaminista. A Landan kuwa ranar 4 ga Oktoba 1936 Oswald Mosley, shugaban 'yan fasist na Ingila, ya so ya ratsa unguwar Yahudawa da 'yan baƙar rigarsa, mutanen unguwa da 'yan dakon tashar jirgin ruwa da 'yan ƙwadago suka toshe titin Cable, 'yan sanda suka yi ta ƙoƙarin buɗe masa hanya har suka haƙura.

Mu a nan Afirka mun ɗanɗani fasisanci tun kafin yawancin Turawa. A Libiya an kwashe mutanen gabashin ƙasar an tsare su a sansanoni cikin hamada inda dubbai suka mutu, aka rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumba 1931 yana dattijo. A Oktoban 1935 Italiya ta auka wa Habasha ta yi amfani da iskar guba, Haile Selassie ya je Geneva ya kai kuka gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin, takunkumin da suka sa ko man fetur bai shafa ba. A Fabrairun 1937 bayan an jefa wa Janar Graziani, gwamnan da Italiya ta ɗora a Habasha, gurneti a Addis Ababa, kwana uku ana kashe mutanen gari ba ji ba gani. Manyan ƙasashen Turai ba su ɗauki wannan a matsayin gargaɗi ba, wataƙila don su ma suna da nasu mulkin mallakar, kuma waɗanda ake kashewa baƙaƙe ne.

Sifaniya ce ta zama filin gwaji. Sojoji suka yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati tawaye a Yulin 1936, jiragen Jamus da Italiya suka kwaso wa Janar Franco, jagoran tawayen, dakarunsa daga Maroko, su ne kuma suka ragargaza garin Guernica ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwa. Ingila da Faransa suka ce su ba ruwansu, suka hana sayar wa gwamnati makamai. Amma mutane kusan 35,000 daga ƙasashe sama da 50 suka tafi da ƙafarsu don su yi yaƙi, har da Italiyawa da Jamusawan da suka tsere daga gida, shi Picelli na Parma ma a can ya mutu. Kuma ko a nan tsohon ciwon bai warke ba, a Mayun 1937 'yan ɓangaren gwamnati suka juya bindiga kan juna a Barcelona, jami'an Stalin suna farautar 'yan gurguzun da ba sa bin layinsa. Franco ya gama cinye ƙasar a Afrilun 1939. Wata huɗu bayan haka Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila, ka yi tunanin halin ɗan kwaminis da ya baro jini a Sifaniya ya wayi gari da wannan labari.

A cikin Jamus kanta, wanda ya fi kowa kusa da kashe Hitila da wuri wani kafinta ne, Georg Elser, shi kaɗai ba jam'iyya ba ƙungiya. Sama da dare talatin yana ɓuya a zauren shan giya na Munich inda Hitila ke jawabi duk shekara, yana durƙushe yana sassaƙe ginshiƙi a hankali yana kwashe ɓaraguzan a jaka da safe, har gwiwoyinsa suka kumbura. Bam ɗin ya tashi ranar 8 ga Nuwamba 1939 daidai lokacin da ya saita, amma Hitila ya gajarta jawabi ya fita minti 13 kafin nan. Babban yunƙurin manyan hafsoshin soja sai a Yulin 1944 ya zo, lokacin kowa ya ga an faɗi yaƙin. Tsakanin nan an fille kan Sophie Scholl, ɗaliba 'yar shekara 21, da yayanta a Fabrairun 1943 saboda raba takardu a jami'ar Munich.

A ƙasashen da aka mamaye turjiya tana da farashi mai tsanani, shi ya sa ba na saurin zagin waɗanda suka yi shiru. An kashe Heydrich, babban jami'in Nazi da ke mulkin ƙasar Czech, a Prague a 1942, Jamusawa suka shafe ƙauyen Lidice gaba ɗaya. A Rum 'yan sunƙuru suka kashe 'yan sandan Jamus 33 a Maris 1944, washegari aka harbe mutum 335 a cikin kogo. Duk da haka aka yi, Yahudawan da aka killace a Warsaw suka tashi a Afrilun 1943 da 'yan bindigogin hannu suka yi kusan wata guda suna fafatawa, masunta a Denmark suka tsallakar da Yahudawa kusan 7,000 zuwa Sweden cikin 'yan makonni, dakarun Tito a Yugoslabiya suka zama runduna ta gaske, Jean Moulin ya sha wahalar haɗa ƙungiyoyin Faransa masu gaba da juna a inuwa ɗaya a Mayun 1943, wata guda bayan haka aka kama shi, azaba ta kashe shi bai tona kowa ba. Gaskiya dai 'yan turjiya ba su ne suka karya Jamus ba, rundunonin ƙawance ne, musamman Tarayyar Sobiyet da ta rasa mutum kusan miliyan 27, kuma babu abin da ya iso da wuri har ya ceci Yahudawa miliyan 6 da 'yan ƙabilar Roma masu yawo da naƙasassun da aka hallaka. A cikin rundunonin nan akwai namu, sojojin Najeriya sun kori Italiyawa daga Mogadishu har Harar a 1941, gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940, daga Fort-Lamy wato Njamena ta yau dakaru suka ratsa hamada suka ƙwace Kufra, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942.

Sarkin Italiya sai a Yulin 1943 ya tuna yana da ikon sauke Musolini, bayan sojojin ƙawance sun sauka a Sicily, shekara ashirin da ɗoriya a makare. Jamusawa suka kuɓutar da shi suka dasa shi a arewa, aka shiga yaƙin basasa, kuma a wannan karon 'yan kwaminis da 'yan gurguzu da 'yan Katolika da masu sassaucin ra'ayi a kwamiti ɗaya suka zauna. Ranar 28 ga Afrilu 1945 'yan sunƙuru suka harbe shi, aka rataye gawarsa kai ƙasa a dandalin Loreto na Milan, inda watanni takwas kafin nan aka baje gawarwakin 'yan turjiya 15. A Yunin 1946 Italiyawa suka kaɗa ƙuri'a suka soke sarautar baki ɗaya.

Sai dai hisabin bai yi nisa ba. A watan Yunin nan dai aka yi afuwar da ta saki dubban 'yan fasist, kuma ministan shari'ar da ya sa mata hannu shi ne Togliatti shugaban kwaminis. Kafin shekara ta ƙare tsofaffin mutanen Musolini sun kafa jam'iyyar MSI. Yaƙin cacar baka ya shigo, tsoron kwaminis ya sake rufe komai, aka ƙyale Franco ya mulki Sifaniya har ya mutu a kan gadonsa a 1975, mulkin da Salazar ya kafa a Fotugal kuma sai a 1974 ƙananan hafsoshi da suka gaji da yaƙin Angola da Mozambik da Gini Bisau suka kifar da shi. Graziani na Libiya da Habasha, Habasha ta nemi a gurfanar da shi ba a saurare ta ba, kotun Italiya ta yanke masa shekara 19 a 1950 kan haɗa kai da Jamusawa kawai, bayan 'yan watanni aka sake shi, MSI ta ba shi shugaban girmamawa. A 2012 garin Affile da ke kusa da Rum ya gina masa wurin tunawa da kuɗin gwamnati.